Maki, Zango ko Ƙidayar Zama: Wace Hanya Za Ka Bi Wajen Ɗaga Matakin Jarumai a D&D?

Duk wanda ya taɓa jan ragamar wasan Dungeons & Dragons ya san tambayar nan da ake jefo masa daidai lokacin da ake tattara dayis, ana laluben takalma a bakin ƙofa: "Jagora, yau dai mun hau mataki ko?" Ka ce a'a mako uku a jere, fuskoki su fara sauyawa. Ka riƙa cewa e duk zama, kafin ka ankara matsafin da jiya kare ke kora ya koma shawagi a sama yana yi wa gari ruwan wuta, labarin da ka ɓata dare uku kana tsarawa ya yi masa kaɗan kamar rigar sallar yarinta.

Ga wanda bai san wasan ba, Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a 1974. Mutum huɗu ko biyar ke zama a tebur, kowa da jarumin da yake takawa, jagora ɗaya ya riƙe labarin da duk sauran halittun duniyar, dayis kuma ya raba gardama. Jarumi kan fara daga mataki na 1, ƙololuwa ita ce 20, kuma kowane hawa na ƙara masa rai, ƙwarewa ko sabon tsafi. Misalaina zan ɗauko su ne daga bugu na biyar da ya fito a 2014 aka sabunta shi a 2024, sai in leƙa tsohon bugun 1981 da kuma Pathfinder, wani wasa mai kama da shi na kamfanin Paizo, inda suka fi shi dabara.

Fara ƙirga Asabar ɗinka

Kafin a zo maganar wace hanya ta fi, akwai lissafin da yawancinmu ba ma yi. Kundin jagora na 2014 ya ba da ma'auni: idan kowane zama awa 4 ne, a hau mataki na 2 bayan zaman farko, na 3 bayan na biyu, na 4 bayan ƙarin zama biyu, daga nan kuma zama 2 ko 3 ga kowane mataki. Idan ka buga lissafin, mataki na 5 zai zo a zama na 6 ko na 7, na 10 tsakanin zama na 16 da na 22, na 20 kuwa tsakanin na 36 da na 52. Wato har shekara guda ga waɗanda ke zama duk mako ba sa fashi.

To, su wa ke yin shekara ba fashi? Mu da muka yi alkawarin haɗuwa duk Asabar, da na buɗe littafina a ƙarshen shekara na tarar da ƙyar muka cika rabi. Ɗaurin auren wannan, jarrabawar wancan, azumi ya zo muka ajiye gaba ɗaya, bayan salla kuma sai da muka yi mako uku muna neman juna a waya. Ni kuwa na riga na tanadi babban maƙiyin da sai 'yan mataki na 15 za su iya tunkara. Har tebur ɗin ya watse ba su taɓa ganin ko inuwarsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka rubuta adadin zaman da kake da yaƙinin samu, ka rage kashi ɗaya cikin uku, sannan ka tambayi kanka a wane mataki kake son labarin ya ƙare.

Matakan ba tsayinsu ɗaya ba

Wasan da kansa ya kasa matakan gida huɗu: 1 zuwa 4, 5 zuwa 10, 11 zuwa 16, sai 17 zuwa 20. Ba ado ba ne, kowane gida kusan wasa ne daban.

A mataki na 1 matsafi yakan fara da rai 6 zuwa 8, wato adadin raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi. Goblin, ɗan ƙaramin dodon nan da ake fara karawa da shi, saransa ɗaya na cin kusan 5. Sara biyu, jarumi ya kwanta. Shi ya sa ba a daɗewa a nan. A mataki na 3 kowa ya gama zaɓar reshen sana'arsa (a sabuntawar 2024 duk an mayar da zaɓin nan mataki na 3), daga nan ne jarumi ke fara kama da abin da mai shi ya hango. Mataki na 5 shi ne babban tsani: mayaƙi ya fara sara biyu a juyi ɗaya, matsafi ya samu dunƙulen wutar nan ta Fireball mai dayis 8, wadda matsakaicin cinta 28 ne alhali ran goblin 7 kacal. A nan ne kuma ake samun tsafin tashi sama, da na yi wa gawa tambaya biyar, da na farfaɗo da wanda bai wuce minti ɗaya da mutuwa ba. Duk labarin da ya jingina ga doguwar katanga, ko ga sirrin wanda ya kashe sarki, ya fara girgiza ke nan. A 13 ake samun tsafin ɓacewa a ɓulla wata ƙasa nan take, doguwar tafiyar ayari ta zama zance. A 17 kuwa sai Wish, wanda kusan faɗi-ya-faru ne. Ko Baldur's Gate 3, wasan kwamfutar da aka gina kan waɗannan ƙa'idoji a 2023, a mataki na 12 ya ja birki.

Saboda haka tambayar gudu ta haɗa da inda za a yi sauri da inda za a yada zango. A ganina 3 zuwa 8 nan ne naman yake: jarumai sun yi ƙarfin da za su yi abin a-zo-a-gani, amma har yanzu kogi kogi ne, dare dare ne.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi

Farashi na farko. Ta fuskar kuɗi babu hanyar da ake saya daban. Manyan littattafan wasan uku (na ɗan wasa, na jagora da na dodanni) kowanne na kusan dala 50, amma ƙa'idojin farko kyauta suke a intanet, kuma jadawalin maki na cikinsu. Abin da kake biya na gaske shi ne lokacinka kai jagora, kafin zama da bayansa.

Sai ƙarko: hanyar za ta riƙe tebur wata shida, shekara, ko za ta fara tsagewa da zarar an bar ƙananan matakai? Sai sauƙi, gare ka da kuma sabon ɗan wasa. Sai haɗari, wato irin rigima ko lalacewar da ta saba haifarwa. Na ƙara biyu nawa na kaina: wa ke riƙe da linzamin gudu, kuma wane hali kake biyan lada a kai. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa, kuma shi ya fi cizo, domin 'yan wasa duk inda lada yake nan suke dosa, ko da bakinsu na cewa labari suka zo ji.

Hanya ta farko: makin yaƙi

Ita ce ta asali a bugu na biyar. Kowane dodo da farashinsa: goblin 50, orc 100, ogre 450, troll 1,800, babban diragon ja 18,000. A tara abin da aka kayar a raba wa jarumai daidai. Mataki na 2 na buƙatar maki 300, na 3 900, na 4 2,700, na 5 6,500, na 10 64,000, na 20 kuma 355,000.

Ka ga yadda lambobin ke aiki a tebur mai mutum huɗu. Don su bar mataki na 1 suna buƙatar 1,200 a haɗe, goblin 24 ke nan ko abin da ya kai su. Daga 5 zuwa 6 kuwa 7,500 ne kowanne, 30,000 a haɗe, kusan troll 17. A nan ne gudu ke raguwa, kuma da gangan aka yi. Wani abin da ba kowa ke lura da shi ba: daga 10 zuwa 11 maki 21,000 ne, amma daga 11 zuwa 12 15,000 ne kawai, ga shi dodannin lokacin sun fi tsoka. Wato jadawalin yana ja maka birki a tsakiya ya sake ka a sama.

Daɗinta a fili yake. Ɗan wasa na ganin lambarsa na hawa, ya san saura 400, ya san ba alfarma aka yi masa ba. Linzami na hannunsu: idan suka zaɓi kogon da ya fi haɗari, su suka nema, su za su ci riba. Ga teburin da ba labari ɗaya aka shimfiɗa ba, taswira ce aka buɗe aka ce ku je inda kuka ga dama, babu kamarta.

Farashinta shi ne lissafi bayan kowane zama, minti goma ko sha biyar, da kuma tarkon da sabon jagora kan faɗa. A littafin 2014 ana ninka makin dodanni idan suna da yawa don auna tsananin faɗan: goblin 6 makinsu 300 ne, a ninka biyu a ce nauyin faɗan 600 ne. Amma 300 ake rabawa, ba 600 ba. Wanda ya raba 600 zai ga jarumansa na gudu ninki biyu bai san dalili ba. Sabuntawar 2024 ta cire ninkin nan gaba ɗaya.

Haɗarinta kuwa na gan shi da idona. Na shirya wasu mutane da suka tare hanya suna neman abinci, manoma ne da yaƙi ya kora, da sanduna da tsofaffin masu. Na so a yi magana, a ji tausayi, a samu bakin zaren labarin daga gare su. Ban gama kwatanta tsohuwar da ke bayansu da goyo ba, ƙanena ya ɗago daga takardarsa ya ce, "Yaya, in mun kashe su nawa-nawa za mu samu? Saura min 150." Dariya aka yi, amma ba laifinsa ba ne. Wata biyu ina biyansa kan gawa, me zan sa ran ya koya? Littafin ya yarda a ba da maki kan sulhu, ko tserewa da dabara, ko warware matsala ba jini, sai dai ya bar maka kimantawa. Idan ba ka faɗa da bakinka tun zaman farko cewa wanda ya lallashi ogre zai samu 450 ɗin nan daidai da wanda ya sare shi ba, takobi zai riga harshe kullum.

Ɗaya matsalar ita ce mai fashi. Wanda ya rasa zama huɗu ya dawo ya tarar an wuce shi da mataki ɗaya ko biyu, shi ne zai riƙa faɗuwa da wuri, daga nan sai zuwan ya fara yi masa nauyi. Maganin mai sauƙi ne, a mayar da makin na tebur gaba ɗaya, kowa lamba ɗaya. Rashin zuwa wasa ai ya isa hukunci.

Ta ɓangaren ƙarko, tana riƙewa da kyau har wajen mataki na 10. Bayan nan faɗa ɗaya na iya cin awa biyu, kuma kundin 2014 ya gina lissafinsa ne kan karo 6 zuwa 8 a yinin jarumai ɗaya, abin da teburin da ke son hira da siyasar fada ba zai taɓa cikawa ba. Irin wannan tebur zai iya yin wata uku a mataki ɗaya.

Gyaran da Pathfinder ya yi

Kamfanin Paizo ya ga matsalar tun a bugunsa na farko a 2009, sai ya ba da jadawali uku: mai sauri, matsakaici da mai nawa. Mataki na 2 na zuwa a maki 1,300, ko 2,000, ko 3,000, jagora ya zaɓa. A bugu na biyu na 2019 suka yi abin da ya fi burge ni: kowane mataki maki 1,000 ne, idan ka cika a cire a sake farawa. Makin faɗa kuma ya danganta ne da yadda ya yi wa jaruman nauyi: matsakaici 80, mai tsanani 120, na a-mutu-ko-a-yi-rai 160. Cim ma wata manufa a labari ma da farashinta a rubuce, 10, 30 ko 80. Mai son sauri ya mayar da 1,000 ɗin 800, mai son nawa 1,200.

Abin da wannan ya saya maka shi ne hangen nesa. Matsakaicin faɗa 13 mataki ɗaya ne, ko ana a 2 ko ana a 17. Babu dubu ɗari uku da za a tara, yaro ma zai riƙe lissafin. Kuma ba sai ka koma Pathfinder ba, za ka iya aro tsarin zuwa D&D da ɗan ƙoƙari, sai dai ka sani ka bar jadawalin littafi ke nan, duk wani shiryayyen labari da ka saya sai ka sake yi masa awo.

Hanya ta biyu: zango

Na kira ta haka ne don ta yi kama da tafiyar fatake: ba a ƙirga taku, sai an isa zango a sauke kaya. Jarumai sun ceto garin, sun gano wanda ya ci amanar sarki, sun fita daga dajin da rai, sai jagora ya ce kowa ya hau. Babu maki ko kaɗan. Yawancin shiryayyun labaran da ake sayarwa yanzu suna ba da wannan zaɓi, su gaya maka a ƙarshen wane babi za a ɗaga.

Farashinta kusan babu, ita ce mafi arha a lokaci. Sauƙinta ma haka, sabon ɗan wasa ba ya buƙatar fahimtar komai. Kowa mataki ɗaya yake, mai fashi ba ya baya. Sulhu da saran takobi ladansu ɗaya tunda duk zango suke kaiwa. Kuma tana ba ka abin da maki ba ya bayarwa: ka san daidai ƙarfin jaruman ranar da za su shiga fadar maƙiyi, ka yanka faɗan daidai wuyansu. Za ka iya tsallake mataki na 1 da na 2 cikin zama biyu, ka riƙe su a 5 da 6 wata uku don labarin ya nuna.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Linzami gaba ɗaya ya koma hannunka, 'yan wasa kuma suna jin haka a jikinsu. Wanda yake da wayo zai gane cewa leƙa rijiyar can ko taimakon makiyayin nan ba ya ƙara komai, sai ya fara tambaya, "To ina ne labarin yake so mu je?" Daga ranar da aka fara wannan tambaya, duniyar da ka gina ta koma titin jirgin ƙasa. Akwai kuma kishiyar haka, wadda ta same ni. Na sa zangon mataki na 5 a babban birni, su kuwa suka ƙaunaci wani ƙauyen masunta, suka shiga rigimar kwale-kwale da haraji, zama tara ba su motsa ba. Wasan na daɗi, amma suna nan a 4. Ranar da ɗaya daga cikinsu ta ce min, "Malam jagora, ko dai ka manta da mu ne?" ba ni da amsar da ta wuce kame-kame. Na ɗaga su a daren ba don sun isa ko'ina ba, kuma kowa ya gane kunya ce ta sa. Hawan da aka roƙa ba ya daɗin wanda aka ci da gumi.

Abin da ya gyara min ita abu biyu ne. Na ɗaya, zangon ya fito fili: in rubuta manufofi uku ko huɗu a kati in ajiye a tsakiyar tebur, duk biyun da aka cika an hau, kuma 'yan wasa na da damar ƙara tasu manufar idan mun yarda ta kai nauyi. Na biyu, in sa wa kaina iyaka a ɓoye: ba za a wuce zama biyar ba a hau ba, idan sun bar hanyata sai in ɗauko zangon in kai shi inda suke. Da waɗannan biyu, ita ce ta fi kowace ƙarko a dogon labari. Ba tare da su ba, ƙarkonta ya rataya ne ga yadda 'yan wasa suka yarda da adalcinka.

Hanya ta uku: ƙidayar zama

Wannan ba ta da dogon bayani. Ka ce duk zama uku a hau, shi ke nan. Kyauta ce, ba gardama, kuma ita kaɗai ke ba ka damar buɗe kalanda ka nuna ranar da za a kai mataki na 8. Ga masu wa'adi, kamar ɗaliban da hutun wata biyu ya haɗa ko abokan da ɗayansu zai bar gari, wannan babbar riba ce.

Aibinta shi ne ba ta biyan komai sai zuwa. Zaman da aka ƙare a kasuwa ana cinikin igiya da fitila daidai yake da wanda aka kashe diragon. Hawan kan faɗo a tsakiyar kogo ba dalili, a rasa yadda za a bayyana shi a labari. Nakan ɗan sassauta: idan lokacin ya yi, sai a jira hutun jarumai na gaba, ko da zai ƙara zama ɗaya. Bayan wata shida kuma takan fara salance wa masu son jin cewa da hannunsu suka ci.

Hanya ta huɗu: makin dukiya

Tsohuwar hanya ce, kuma ta fi yadda ake zato hikima. A bugun 1981, duk tsabar zinariya ɗaya da ka fito da ita daga kogo zuwa gari maki ɗaya ce. Orc kuwa maki 10 ne kacal, alhali mayaƙi na buƙatar 2,000 kafin mataki na 2. Orc 200 ke nan shi kaɗai, ko akwati ɗaya mai kyau. Nan take lissafi ya juya: faɗa asara ce, dabara ita ce riba. Sai ka ga ana sanɗa, ana ba dodo cin hanci, ana haɗa ƙabilu biyu faɗa don a zagaya ta baya, ana gardamar ko a ɗauki akwati na uku ko nauyi zai hana gudu. A wancan bugun ma kowace sana'a da jadawalinta, ɓarawo 1,200, matsafi 2,500, elf (wata halitta mai kama da mutum da ta haɗa yaƙi da tsafi) 4,000, don haka zaman tebur da matakai mabambanta ba abin mamaki ba ne.

Farashinta ya fi na kowace, domin kai ne za ka zuba dukiyar a taswira tun farko, ka auna nawa ke kowane hawa na kogon. A nan gudunka yake ɓoye: ka zuba da yawa su yi tsalle, ka yi rowa su tsaya cik. Tsohon littafin ya toshe ƙofa ɗaya da dokar cewa ba a hawa fiye da mataki ɗaya a fita ɗaya. Haɗarinta biyu ne. Jarumai kan koma 'yan kwasar ganima zalla, labarin sadaukarwa da ceton al'umma ba ya zama a kanta. Sannan zinariya kan taru har ta rasa amfani, sai ka tanadi abin kashe ta, gina ganuwa, ɗaukar dakaru, biyan malamin da zai koyar. A bugu na biyar ba ta shiga kai tsaye, sai ka sake auna dukiyar da jadawalin.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Lokacin jagora | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari | Mai linzami |
|---|---|---|---|---|---|
| Makin yaƙi | Matsakaici, duk zama | Mai kyau har wajen mataki na 10 | Sai an saba | Kisa don maki, barin mai fashi a baya | 'Yan wasa |
| Maki 1,000 irin na Pathfinder | Kaɗan | Mai kyau har sama | Mai sauƙi | Sake awo idan an aro shi zuwa D&D | Rabi da rabi |
| Zango | Kusan babu | Mafi ƙarko idan manufa a fili take | Mafi sauƙi | Zargin son rai, labari ya zama titi ɗaya | Jagora |
| Ƙidayar zama | Babu | Gajere zuwa matsakaici | Mafi sauƙi | Ba ta biyan ƙoƙari | Kalanda |
| Makin dukiya | Mai yawa tun farko | Mai kyau a wasan kogo | Sai gwani | Kwaɗayi, taruwar zinariya | 'Yan wasa, da awon jagora |

Wa ya dace da wace

Idan shiryayyen labari ka saya, ko ka rubuta naka mai farko da ƙarshe, kuma mutanenka su ne dai kullum, ɗauki zango, ka ajiye katin manufofi a tebur. Sabon jagora ma nan zan tura shi, don yana da isassun abubuwan riƙewa ba sai an ƙara masa raba 1,350 gida huɗu da ƙarfe goma na dare ba.

Idan teburinka buɗaɗɗe ne, yau mutum uku gobe bakwai, kowa na zuwa lokacin da ya samu, zango ba zai yi ba tunda ba labari ɗaya ake bi ba. Maki ne naka, kowa da lambarsa, sai dai ka sa ƙasan da ba a faɗawa: sabon zuwa ko mai dogon fashi ya fara daga mataki ɗaya ƙasa da mafi ƙanƙanta a cikin masu zuwa, ba daga 1 ba.

Idan 'yan wasanka daga wasannin kwamfuta suka fito, suna son ganin lamba na motsi amma kai ba ka son gawa ta zama kuɗi, tsarin 1,000 ɗin nan shi ne tsaka-tsaki, ka rubuta farashin sulhu da na bincike kusa da na faɗa kowa ya gani.

Idan kogo, tarko da fitila mai ƙarewa ne abin da ke burge ku, kuma ba wanda zai yi fushi don jaruminsa ya mutu a zama na biyu, makin dukiya zai ba ku wasan da sauran ba za su ba ku ba, musamman idan kun koma tsohon bugun da aka ƙera shi dominta.

Idan kuwa zama 8 ko 10 kawai kuke da su kafin kowa ya kama gabansa, kada ka ɓata biyu a ƙasa. Ku fara daga mataki na 3, a hau duk zama biyu, ka tabbata sun taɓa mataki na 5 da sauran aƙalla zama huɗu a gaba, don matsafin ya samu damar jefa wutarsa fiye da sau ɗaya. Teburin da nake ja yanzu zama 20 muka yanka, daga 3 zuwa 9, zango ne da kati a tsakiya, kuma babban maƙiyin na bana na rage masa tsawo yadda 'yan mataki na 9 za su iya kai masa.